Tambaya: kare mafitsara a aikin mabiyiyar da ta kafe a tsohon tabo

Rajistara, Gombe

Assalamu alaikum manyanmu. Ni rajistara ne, wato likita mai neman ƙwarewa. Tambayata a kan matan da mabiyiya ke kafe wa a tsohon tabon aiki ce. A ɗauka mace ce an yi mata aikin haihuwa sau uku, yanzu cikinta mako 32, mabiyiya ta zauna ta gaba ta rufe bakin mahaifa, sikanin ya nuna ramuka a cikinta, ga jijiyoyin jini suna tsallakawa daga mahaifa zuwa bayan mafitsara. Shawara ta tsaya a kan cire mahaifa bayan an fitar da jariri. Kowa maganar jini yake yi, kuma da gaskiyarsa, amma mafitsara ita ce maƙwabciyar da ta fi shan rauni a wannan aiki. A wane mataki ake taɓa ta, kafin a fitar da jariri ko bayan haka? Cika ta da ruwa yana da amfani, ko al'ada ce kawai? Inda babu likitan mafitsara a kusa kuma, me zai maye gurbin siten, wato siririyar robar da ake zurawa cikin yureta, bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara? Allah ya saka da alheri.

Likitan mata, Bauchi

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara da ɗauka cewa mafitsarar wannan baiwar Allah ba ta inda ka saba samunta. Aiki uku ya riga ya janyo ta sama, wani lokaci har tsakanin mara da cibiya, ya manne ta da tantanin ciki. Shi ya sa ake fasa ta tun wajen shiga, kafin ma a ga mahaifa. Ka tsaga fata a tsaye a tsakiya, ka kewaye cibiya ka haura idan da bukata, ka buɗe tantanin ciki can sama inda babu tabo, sannan ka sauko a hankali kana ganin abin da kake yankawa. A wannan lokacin mafitsara a zazzage take, robar fitsari tana zuba.

Lissafin da aka buga a Amurka a 2006 shi ne har yau ake kafa hujja da shi: idan mabiyiya ta tare hanya, haɗarin kafewa kashi 3 cikin 100 ne a aikin farko, 11 a na biyu, 40 a na uku, 61 a na huɗu, 67 daga na biyar zuwa sama. Wadda ka kwatanta aiki na huɗu za a yi mata. Ko sikanin bai nuna komai ba, shirin mai kafewa za a yi mata. A sa rana, kada a jira naƙuda: Amurkawa sun ce daga mako 34 zuwa 35 da kwana 6, 'yan Ingila sun ce daga 35 zuwa 36 da kwana 6. Aikin da aka yi da hantsi, da jini leda huɗu zuwa shida a ajiye, ba ɗaya yake da na ƙarfe biyun dare ba, kuma mafitsara ce ta farko da ke biyan bashin gaggawa.

Da ka buɗe, tsaya ka duba kafin ka sa hannu. Ƙasan mahaifa ya kumbura, ya yi shuɗi-shuɗi, jijiyoyi sun yi saƙa a kansa? Ka yanka mahaifa can sama, nesa da gefen mabiyiya, ka fitar da jariri, ka ɗaure igiyar cibiya kusa da tushe, ka mayar da ita ciki, ka rufe yankan da ɗinki ɗaya mai gudu. Mabiyiya kuwa a bar kaza cikin gashinta. Kada a ja ta ko da gwaji ne. Ka kuma gaya wa mai sa barci tun da wuri cewa idan kafewar ta tabbata kada ya tura allurar matse mahaifa da kansa, domin tana iya ɓamɓare wani sashe, jini ya ɓalle. Taraneksamik, maganin rage zubar jini, giram 1 ta jijiya cikin minti 10 ya shiga bayan an ɗaure cibiya.

Yanzu ga tambayarka. A ganina mafitsara ita ce ta ƙarshe. Ka ɗaure igiyoyin raundi, waɗanda ke riƙe mahaifa hagu da dama, ka raba mahaifa da ƙwayayen, ka buɗe ta gefe ka gano yureta da idonka, ka buɗe ta baya, ka ɗaure jijiyoyin mahaifa gwargwadon yadda za ka iya. Dalili kuwa, tsakanin mahaifa da mafitsara nan ne jini ya fi zuba. Idan ka fara da nan kuma ya ɓalle, babu abin da ka riga ka tsare, za ka shiga kafa kilam, wato ƙarfen matse jijiya, a cikin tafkin jini, kuma kilam ɗin makaho shi ne ke cizon mafitsara da yureta. Idan ka bar ta ƙarshe, ko jinin ya ɓalle, minti kaɗan ya rage mahaifa ta fita.

Sai yadda ake raba su. Abin da muka koya a aikin haihuwa na yau da kullum, a naɗe gos, wato ƙyallen tiyata, a yatsa a tura mafitsara ƙasa, a nan haramun ne. Tabo ya fi naman mafitsara ƙarfi, ya kuma fi siririn bangon da ya rage a kan mabiyiya ƙarfi. In ka tura, tabon ba zai saki ba, ɗayan biyun ne zai yage: ko ka faɗa cikin mafitsara, ko ka faɗa cikin mabiyiya. Da almakashi ake yi, kaɗan-kaɗan. Kuma ba daga tsakiya ake farawa ba, nan ne tabo ya fi kauri. Daga gefe ake shiga, ta sararin da ke kusa da mafitsara hagu da dama, inda nama bai lalace ba. Ka sauka ƙasa da tabon har wajen bakin mahaifa, inda sau da yawa akwai hanya mai tsabta, ka haɗa yatsun hannu biyu ta ƙarƙashin mafitsara su yi rami. Daga nan abin da ya manne ya zama gada a kan yatsunka, kana ganin samansa da ƙasansa. Mataimaki ya kama mafitsara da ƙarfen kamu biyu, Babcock ko Allis, ya ɗaga ta sama da gaba, ba ya danna ta da ritirakta, ƙarfen buɗe fili, ba. Kowace jijiya da ta tsallaka a zagaye ta, a ɗaure ta wuri biyu da zaren Vicryl 2/0, a yanka tsakani. Suna da yawa, suna cin lokaci, babu gajeriyar hanya. Wutar ƙona jijiya a kan bangon mafitsara kuwa a yi hattara: waɗannan sababbin jijiyoyi ba su da tsokar kirki, ba sa tsukewa, kuma wurin da aka ƙona yana iya ruɓewa ya huje bayan mako guda ko biyu.

Cika ta da ruwa ba al'ada ba ce. Mafitsarar da babu komai a cikinta ba ta da gefe, kamar jikakken tsumma take a kan tabo. Mil 200 zuwa 300 na salin, wato ruwan gishirin asibiti, yana fito da iyakarta ta sama, ka ga daidai inda ta ƙare. Amma ba a barin ta cike har ƙarshen aiki. Ka cika, ka ga iyaka, ka fara, ka rage ruwan idan ta tare maka hanya, ka sake cikawa duk lokacin da ka yi shakka. Kafin ka yanke farji, a sa gos a kan fosef, wato ƙarfen riƙo, a tura ta ƙasa zuwa lungun gaba, ka tabbata mafitsara ta sauka aƙalla santimita 1 zuwa 2 ƙasa da inda za ka yanka, don kada ɗinkin rufewa ya haɗa da ita.

Mai sikanin, Azare

Cif, likitan matan Bauchi, ya gama magana, ƙari ɗaya kawai daga ɓangarenmu. Yawancin sikanin da matan nan ke zuwa da shi an yi shi ne da mafitsara ba fitsari, kuma a haka ba a iya cewa komai game da bangon da ke tsakani. A bar ta ta tara mil 200 zuwa 300, kada kuma a danna na'urar da ƙarfi, domin dannawa kaɗai tana ɓatar da baƙin layin da ke bayan mabiyiya, a rubuta kafewa alhali babu. Abin da mai tiyata ke bukata a takarda ya wuce kalmar akrita, wato kafewar mabiyiya. A rubuta masa ko farin layin bangon mafitsara ya katse, ko akwai kumburi da ya turo cikinta, ko kaurin naman mahaifa ya gaza milimita 1, da kuma inda jijiyoyin suka fi yawa: saman mafitsara, ko can ƙasa kusa da bakin mahaifa, ko gefe. Na sama ana iya raba shi. Na ƙasa da na gefe su ne ke kai mutum ga yureta. A kuma zana inda gefen mabiyiya na sama ya tsaya a fatar ciki ranar aiki, don a san inda za a yanka mahaifa.

Rashin jini a fitsari ba ya wanke mafitsara. Ko a rukunin 3b na tsarin ƙungiyar likitocin mata ta duniya (FIGO) na 2019, wato wadda ta kai ga mafitsara, mafi yawansu fitsarinsu fes yake.

Likitan mafitsara, Gombe

Ranka ya daɗe Cif, na yarda da kusan duka, sai dai a san cewa akwai masu raba mafitsara tun kafin su yanka mahaifa, musamman masu bin hanyar likitocin Ajantina ta yanke wurin da ya lalace a gyara mahaifa. Hujjarsu ita ce a lokacin filin a bushe yake, babu jini, ana ganin kowace jijiya. Hujja ce mai ƙarfi a hannun wanda ya ƙware. Ga wanda bai yi da yawa ba, ga bankin jini mai rauni, tsarin Cif ya fi aminci, domin idan jijiya ta fashe jariri yana ciki, rai biyu ne a kan layi.

Abin da nake so Malam Rajistara ya riƙe shi ne, huda mafitsara ba shi ne bala'in ba. Mafitsara tana da yafiya, tana warkewa da kyau. Bala'in shi ne hudar da ba a gani ba, da yagewar da ta gangara zuwa tiragon, wato kusurwa ukun da ke ƙasa inda bakunan yureta biyu suke. Saboda haka idan an zo inda almakashi ya ƙi samun hanya, kada a nace. A buɗe mafitsara da gangan a samanta, nesa da inda ta manne, a sa yatsa ko a leƙa. Daga ciki za ka ga iyakar wurin da ya kama, ka ga nisansa da bakunan yureta. Sai ka yanke wannan yankin ka bar shi manne a jikin mahaifa su fita tare. Yanka mai tsabta da ka zaɓi wurinsa ya fi yagewar da ta zaɓi wurinta da kanta.

Batun siten. Inda akwai kyamarar leƙa mafitsara da mai sa shi, ana sa shi kafin a fara, musamman idan sikanin ya nuna mabiyiya ta bazu gefe. Amfaninsa shi ne ka ji yureta da yatsa. Ba ya kare mafitsara, kuma ba ya hana a ɗaure yureta idan ana kafa kilam a makance. Inda babu, ga abin yi: ka nemo yureta a sama inda take tsallake jijiyar iliyak a bakin ƙugu, ka bi ta a jikin tantanin ta ciki, ka zagaya mata siririyar roba, kada ka tsiraita ta domin jininta a rigarta yake. Ka tuna tana wucewa ƙarƙashin jijiyar mahaifa kimanin santimita 1.5 zuwa 2 daga gefen bakin mahaifa, kuma ƙasan mahaifar da mabiyiya ta kumbura yana cinye wannan tazara gaba ɗaya. Idan mafitsara ta riga ta buɗe, robar ciyar da jarirai lamba 5 ko 6 tana shiga bakin yureta cikin sauƙi. Ta haura ba tare da tsayawa ba, fitsari ya ɗigo, hankali ya kwanta. Furosemaid, maganin sa fitsari, miligiram 10 zuwa 20 yana sa a ga feshin fitsari daga bakunan biyu. Kada a yi saurin tura shuɗin metilin ta jijiya don wannan gwaji, domin ƙarancin G6PD, sinadarin da ke kare jajayen ƙwayoyin jini, ya yawaita a mutanenmu kuma yana iya fasa musu jini. A cikin mafitsara ta roba kuwa babu wannan damuwa.

Ɗinki hawa biyu ne. Na ciki da Vicryl 3/0 mai gudu, na waje da 2/0 ya lulluɓe na farko, ba tare da ja ba. Idan gefen ya ƙone ko ya dagargaje, a gyare shi har nama mai jini. Siliki da nailan ba sa shiga mafitsara, dutse suke tarawa. Kuromik yana yi idan babu Vicryl. Bayan an rufe a cika da mil 200 zuwa 300 a duba yoyo. Shuɗi yana rina nama, idan ya zuba sau ɗaya gwaji na biyu yana wahalar karantawa, don haka a tsarma shi sosai. Sai abin da aka fi mantawa: idan ɗinkin mafitsara ya kwanta a kan ɗinkin farji, a janyo kitsen tumbi a shimfiɗa tsakaninsu. Ɗinki biyu da suka jingina da juna su ne hanyar yoyon fitsari, kuma cibiyar yoyon fitsari ta ƙasa da ke Ningi ba ta rasa aiki ba balle mu ƙara mata. A bar diren, wato robar fitar da ruwa, a ƙugu.

Ko ba a ga huda ba, a yi gwajin cikawa kafin a rufe ciki. Minti biyar ne.

Sistar tiyata, Bauchi

Likitoci, duk wannan cikawa da ragewa ba za ta yiwu ba idan ba a shirya ta kafin a lulluɓe mara lafiya ba. Robar fitsari ta Foley mai baki uku, lamba 18 ko 20, balan mil 10. A rataye ledar salin mil 500 da ɗan shuɗi a ciki, a jona layin dirif da bakin shiga, jakar fitsari a bakin fita, a ajiye kilam a hannun nas mai zagaye. Idan likita ya ce a cika, a matse fita, a buɗe shiga, a riƙa faɗin adadin da ya shiga da murya. Babu mai baki uku? Mai baki biyu ma yana yi, a cire jaka a tura da sirinji mil 50 ko 60 mai faɗin baki, sai dai a kula da tsabta. A rubuta abin da aka zuba daban, in ba haka ba mai sa barci zai lissafa shi a matsayin fitsari ya ɗauka ƙoda na aiki alhali ba ta yi.

A kwantar da ita ƙafafu a buɗe kaɗan, ba a miƙe ba. Ta haka ake kaiwa ga roba, ake tura gos, ake kuma ganin jinin da ke zuba ta ƙasa, wanda in tana miƙe yana taruwa ƙarƙashin zane babu wanda ya sani.

A ɗakin jinya kuma, roba kwana 10 zuwa 14 idan an ɗinke mafitsara, har zuwa 21 idan ɗinkin babba ne ko ya kusanci tiragon. A rubuta ranar cirewa a jikin fayil da manyan baƙaƙe, domin al'adar cire roba washegarin aiki tana da ƙarfi, wata za ta cire da kyakkyawar niyya. A manne robar a cinya, jaka ƙasa da gado, kada ta lanƙwashe. A auna fitsari kowace awa a ranar farko, kada ya gaza mil 30. Ya tsaya? Kafin a ƙara ruwa a duba gudan jini, a wanke a hankali da salin mil 30 zuwa 50. Robar da ta toshe na 'yan awanni ta isa ta ɓalle ɗinkin da aka sha wahala a kansa. A kuma yi wa mijinta da uwarta bayani, don in za ta koma gida da roba kada wani ya ga kamar sakaci ne ya cire mata.

Rajistara, Gombe

Na gode ƙwarai, Cif da sauran manya. Saura ɗaya. Wanda ke babban asibitin ƙaramar hukuma, shi kaɗai, jini leda ɗaya, ya buɗe ciki sai ya tarar da wannan ba tare da an sani ba fa?

Likitan mata, Bauchi

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan uwa ba ta zubar da jini, bugun jariri lafiya, kada ya yanka mahaifa, kada ya taɓa mafitsara. Ya rufe ciki, ya kira waya, ya tura ta asibitin koyarwa na Bauchi ko na tarayya da ke Gombe, da ma'aikaci da layin dirif biyu masu faɗi. Babu abin kunya a ciki, ƙa'idar Ingila ta 2018 ma haka ta ce. Idan dole ne jariri ya fito, ya yanka can saman mahaifa, ya ɗaure cibiya, ya bar mabiyiya a wurinta, ya rufe mahaifa da ciki, ya ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya tura. Metotireksat, maganin da wasu ke bayarwa don narkar da mabiyiyar da aka bari, ba shi da gurbi a nan.

Idan kuwa jini ya riga ya ɓalle, mataimaki ya danne babbar jijiyar awota da dunƙulen hannu a kan ƙashin baya, ƙasa da inda jijiyoyin ƙoda suka rabu, a fito da mahaifa waje, a ɗaure ƙasanta da robar Foley kamar ɗaurin tunike na tsayar da jini. Wannan yana sayen mintunan da za a ga mafitsara da ido maimakon a lalube ta. In ta huje, ya sa zare a kusurwoyin hudar biyu don kada ta ɓace masa, ya gama tsayar da jini tukuna, sannan ya dawo ya ɗinke yadda likitan mafitsara ya faɗa. Ya rubuta a takardar turawa girman hudar, wurinta, zaren da ya yi amfani da shi, da ko ya ga fitsari daga bakunan yureta biyu.

Bayan aiki, kumburin ciki, ƙarancin fitsari, hanji ya ƙi motsi, kiriyatinin, ma'aunin aikin ƙoda a jini, na hawa, ko diren na zubar da ruwa mai yawa fari-fari: a aika ruwan diren a auna kiriyatinin ɗinsa tare da na jini. Idan na diren ya ninka na jini nesa ba kusa ba, fitsari ne. Ciwon kwiɓi gefe ɗaya da zazzaɓi kuma, a sa na'ura a duba ƙodar wannan gefen a ranar.